Albert Kahn: Attajirin Da Ya Ƙarar Da Dukiyarsa Kan Hotunan Duniya

A cikin mutanen da suka yi wa sha'anin yawon duniya da ɗaukar hoto hidima, da wuya a sami wanda ya kama ƙafar marigayi Albert Kahn, wani mai banki na ƙasar Faransa. Shi kansa ba gwanin ɗaukar hoto ba ne, hasali ma ba ya son a ɗauki hotonsa. Amma da kuɗinsa ne aka aika da masu ɗaukar hoto zuwa ƙasashe kimanin 50 tsakanin 1909 da 1931, suka komo da hotuna masu launi wajen 72,000, da fim ɗin majigi mai tsawon mita 183,000.

An haife shi ran 3 ga watan Maris, 1860, a garin Marmoutier na lardin Alsas, a gidan wani Bayahude mai fataucin shanu. Yana da shekara 11 Jamus ta ƙwace lardin nan daga hannun Faransa bayan yaƙi. Da ya kai shekara 16 sai ya tafi birnin Paris, inda daga baya ya sami aikin akawu a wani banki. Da rana yana aiki, da dare yana karatu, malaminsa kuwa shi ne Henri Bergson, wanda ya zama shahararren masanin falsafa.

Arzikinsa ya haɓaka ne sa'ad da ya zuba jari a haƙar zinariya da lu'ulu'u ta Afirka ta Kudu. A 1898 ya buɗe bankin kansa. A shekarar nan kuma ya fara biya wa matasan malaman makaranta kuɗin zaga duniya, don su ga yadda sauran al'ummai ke zaune kafin su komo aji. A gidansa na Boulogne, gefen Paris, ya shuka lambu mai faɗin eka 10, wani sashe irin na Japan, wani na Ingila, wani na Faransa.

Cikin watan Nuwamba na 1908 ya kama hanyar zaga duniya tare da direbansa, Albert Dutertre, wanda ya sa aka koya masa ɗaukar hoto tun kafin su tashi. Suka bi ta Amurka, suka ƙetara zuwa Japan da ƙasar Sin, suka komo gida cikin Maris na 1909. Kahn ya lura cewa jirgin ƙasa da jirgin ruwa da masana'antu suna sauya fuskar duniya da sauri, har tufafi da gine-gine da sana'o'in da aka gada tun kaka da kakanni suna neman ɓacewa. Ya ƙudura a ransa sai an adana kamanninsu tun lokaci bai ƙure ba. Ya kuma yi imani cewa mutanen da suka san fuskokin juna da wuya su ɗauki makami a kan juna. Wannan aiki shi ne ya raɗa wa suna Ma'adanar Duniya.

Ya kuwa yi gamon katar, domin a 1907 ne 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka fito da wata dabarar ɗaukar hoto mai launi da ake kira otokurom. Akan shafe fuskar gilashi da ƙananan ƙwayoyin sitacin dankalin Turawa waɗanda aka rina ja-ja da kore da shuɗi, haske ya ratsa ta cikinsu, sai hoto ya fito da launinsa. Aikin yana da wuya ƙwarai. Gilasan suna da nauyi, ga saurin fashewa, kuma tilas wanda ake ɗauka ya tsaya cik na 'yan daƙiƙu, in ya motsa hoton ya ɓaci.

A 1912 Kahn ya danƙa ragamar aikin ga Jean Brunhes, masanin labarin ƙasa. Umurnin da aka ba masu ɗaukar hoton shi ne kada su tsaya ga fadoji da duwatsu masu ban sha'awa kaɗai, su nemi manomi a gonarsa, da masaƙi, da mai talla a kasuwa. Stéphane Passet ya ratsa ƙasar Sin da Mongoliya da Indiya, ya ɗauko hubbaren Taj Mahal. Auguste Léon ya ɗauko dalar Masar, da tsohuwar gadar Mostar ta Bosniya, wadda aka rushe da igwa a yaƙin 1993, aka sāke gina ta a 2004. Marguerite Mespoulet ta je Ayalan a 1913, ta ɗauko unguwar masunta ta Claddagh, wadda aka rushe bukkokinta na jinka daga baya. A 1930 Frédéric Gadmer ya zo Dahome, watau Jamhuriyar Benin ta yau, ya ɗauki bukukuwan gargajiya da zaman jama'a. Sai dai rabon bai zo daidai ba, gama kaso mai yawa na hotunan a Faransa da sauran Turai aka ɗauke su, Afirka ta baƙar fata kuwa kaɗan ta samu.

Burinsa na zaman lafiya bai cika ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, masu ɗaukar hotonsa suka koma ɗaukar ramukan sojoji da garuruwan da aka ragargaza. Duk da haka bai karaya ba, ya ci gaba da gayyatar manyan baƙi gidansa yana nuna musu hotunan, ciki har da mawallafin nan na Indiya, Rabindranath Tagore.

Faɗuwar kasuwar hannun jari ta Amurka a 1929 ita ce ta karya shi. Kafin 1931 ta ƙare aikin ya tsaya cik. Masu bin sa bashi suka riƙe kadarorinsa, a 1936 hukumar lardin Seine ta sayi gidan da lambun, daga baya kuma ta sayi hotunan, amma aka bar shi ya ƙarasa kwanakinsa a ciki. Bai taɓa aure ba, bai bar magaji ba. Ya rasu ran 14 ga watan Nuwamba, 1940, yana da shekara 80, wata biyar bayan sojojin Hitila sun shiga Paris.

Gidan nasa yanzu gidan tarihi ne mai ɗauke da sunansa, an kuwa sāke buɗe shi a 2022 bayan an yi masa sabon gini. An sa dubban hotunan a intanet, inda ɗalibi ko mai bincike zai iya duba su kyauta. Ga ƙasashe da dama, waɗannan gilasai suna cikin hotuna masu launi mafiya tsufa da ke nuna yadda kakanninsu suka rayu.