Katarina, Uwargidan Martin Luther

A shekara ta 1523 Katarina von Bora ta gudu daga gidan sistoci a ƙasar Jamus. Bayan shekara biyu ta auri Martin Luther a birnin Wittenberg. Mijin nata mutum ne mai kyauta, kuɗi ba sa kwana a hannunsa, saboda haka riƙon gida ya koma wuyanta. Ta haifi 'ya'ya shida, ta riƙi marayun dangi, tana kuma ciyar da ɗaliban jami'a masu haya a gidan. Tun asuba take tashi ta duba shanu da tafkin kifi da itatuwan lambunta. 'Ya'yanta mata biyu sun riga ta tafiya. Ta rasu a Torgau a 1552, bayan ta faɗo daga keken doki tana gudun annoba.