Harold Urey: Masanin da ya karanta tarihin teku a jikin kwanso

An haifi Harold Clayton Urey ranar 29 ga Afrilu, 1893, a garin Walkerton da ke jihar Indiana a Amurka. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara shida. Ya yi koyarwa a makarantun ƙauye kafin ya shiga Jami'ar Montana, sannan ya sami digirin digirgir a Berkeley a 1923.

A 1931, yana Jami'ar Columbia, ya gano nau'in haidurojin mai nauyi, binciken da ya sama masa lambar yabo ta Nobel a 1934. Daga nan ya duƙufa kan aisotof, wato nau'o'in sinadari guda waɗanda nauyinsu ya bambanta. Wannan ƙwarewa ce ta sa aka ɗora masa jagorancin binciken tace yuraniyom a Columbia lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan an jefa bom a Hiroshima da Nagasaki, ya shiga sahun masu kiran a sa wa makaman nukiliya takunkumin ƙasa da ƙasa.

A Jami'ar Chicago ya karkata ga wata tambaya: yaya zafin teku yake kafin a sami ɗan Adam? A 1947 ya nuna cewa rabon aisotof ɗin oksijin a cikin kwanson halittun ruwa yana bin zafin ruwan da suka rayu a ciki. A 1951 shi da abokan aikinsa suka auna ɓurɓushin wata daɗaɗɗiyar halittar teku daga tsibirin Skye na Scotland, suka karanta sauyin zafi da sanyi na 'yan shekarun da ta rayu.

Urey ya rasu a La Jolla, California, ranar 5 ga Janairu, 1981. Kimanin shekara goma bayan haka, masana suka ɗora sinadarin boron a kan turbar da ya shimfiɗa. Boron yana da aisotof biyu, 10 da 11, kuma rabonsu a kwanso yana sauyawa gwargwadon tsamin ruwa. Tun da iskar kabon-dayoksaid tana ƙara wa teku tsami, awon yana nuna yawanta a sararin sama miliyoyin shekaru da suka shuɗe, a kwatanta da zafin wancan zamani. Da irin wannan awo ake gwada hasashen ɗumamar duniya da gwamnatoci ke tsara manufofinsu a kai.