Jacob Grimm, Mai Bin Diddigin Kalmomi

An haifi Jacob Grimm a garin Hanau na ƙasar Jamus ranar 4 ga Janairu, 1785. Shari'a ya karanta a Jami'ar Marburg, amma malaminsa Savigny ya kwaɗaita masa tonon tsofaffin littattafai, har hankalinsa ya karkata ga harshe. Jama'a sun fi saninsa da tatsuniyoyin da shi da ƙanensa Wilhelm suka fara bugawa a 1812. A wurin ɗalibin harshe kuwa, darajarsa tana wani gefe daban.

Mu ɗauki kalmar da ke nufin uba. Bature na Ingila ya ce father, Bajamushe ya ce Vater, a tsohon harshen Gotik kuma fadar ne. Dukkansu da sautin /f/ ake fara furta su. To amma Latin na cewa pater, Sanskirit na cewa pitar. A bugu na biyu na littafin nahawunsa, a 1822, Grimm ya nuna cewa tushensu ɗaya ne, kuma canjin yana bin ƙa'ida: tsohon sautin /p/ ya koma /f/ a harsunan dangin Jamusanci. Shi ya sa piscis, wato kifi, ya yi daidai da fish. Gaskiya Rasmus Rask ɗan Denmak ya riga shi lura da haka a 1818, sai dai Grimm ne ya tsara abin, sunansa kuma ya bi dokar.

Duk da haka kalmar uban ba ta miƙa wuya gaba ɗaya ba. Baƙin tsakiyarta ya saɓa wa dokar, domin /d/ ta fito a fadar inda ba a zata ba. Sai a 1877, bayan rasuwar Grimm, aka buga bayanin Karl Verner cewa gurbin ƙarfin furuci a tsohuwar kalmar ne ya jawo haka.

A 1837 Sarkin Hanoba ya soke tsarin mulki. Grimm na cikin shehunan malamai bakwai na Jami'ar Göttingen da suka ƙi amincewa, aka kore su daga aiki. Zaman rashin aikin nan ne ya sa shi da ƙanensa suka karɓi haɗa babban ƙamus na Jamusanci a 1838. Ya rasu a Berlin ranar 20 ga Satumba, 1863, yana kan kalmar Frucht, wato ɗan itace. Ba a kammala ƙamus ɗin ba sai 1961.