Benjamin Graham, mutumin da ya leƙa asusun kamfanin bututun mai

An haifi Benjamin Graham a Landan a 1894, ya tashi a New York. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, rikicin kasuwar 1907 kuma ya cinye ɗan abin da mahaifiyarsa ta zuba a hannun jari. Wanda ya ga haka da idonsa, da wuya daɗin bakin dillalai ya ruɗe shi.

Lissafinsa ba wuya: a haɗa tsabar kuɗin kamfani da bashin da yake bi da hajar da ke ajiye, a cire duk bashin da ake bin sa. Gine-gine da injuna kuwa, a yi kamar babu su. In farashin hannun jari bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da ya rage ba, sai ya saya.

A 1926 ya gano Northern Pipeline, wani ƙaramin kamfanin bututun mai da ya fito daga Standard Oil. Ana sayar da hannun jarinsa dala 65, alhali kamfanin na ajiye da takardun lamuni na kusan dala 95 kan kowane hannu. Shugabannin suka ƙi raba dukiyar, a taron farko ma ba wanda ya mara masa baya. Bai haƙura ba. Ya bi masu jari ya tara ƙuri'unsu, ya shiga hukumar gudanarwa a 1928, kamfanin ya raba dala 70 kan kowane hannu.

Ya koyar a jami'ar Columbia, inda Warren Buffett ya yi karatu a wurinsa. Ya rasu a 1976 a Aix-en-Provence, kudancin Faransa.