PADEREWSKI: MAKAƊIN DA YA BAR GIDA AMMA BAI MANTA DA SHI BA

A wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin wani Bature, Ignacy Paderewski, mutumin ƙasar Folan, wanda ya yi suna a duniya wajen kaɗa fiyano. Fiyano dai wani babban akwatin kiɗa ne mai maɓallai 88, farare da baƙaƙe, ana danna su da yatsu. Ba kiɗan ne ya ja hankalinmu ba, a'a, yadda mutumin ya yi da abin da sana'arsa ta ba shi ne.

An haife shi a 1860, lokacin da babu ƙasar Folan a taswira, domin tun 1795 Rasha da Ostiriya da Jamusawa sun raba ta sun cinye. Yana jariri uwarsa ta mutu. Yana ɗan shekara uku 'yan sandan Rasha suka kama ubansa kan zargin hannu a tawaye. Yana da shekara 12 aka kai shi makarantar kiɗa ta birnin Warso, inda daga baya ya zama malami. A 1880 ya yi aure, amma matar ta mutu bayan haihuwa, ta bar masa ɗa mai nakasa.

A 1884 ya tafi Biyana wurin wani mashahurin malami, Leschetizky. Malamin ya ga kamar ya makara, don masu wannan sana'a tun suna yara suke gwanancewa. To amma gemu ba ya hana ilimi. Mutumin nan ya koma kamar sabon almajiri, yana bitar yatsu awoyi da yawa kullum, har hannu ya faɗa. Daga nan ya yi wasa a Biyana, ya yi a Faris, ya yi a Landan a 1890.

A 1891 ya shiga Amurka, kamfanin fiyano na Steinway ne ya ɗauki nauyinsa. Cikin 'yan watanni ya yi wasa sama da sau ɗari, har ya ji ciwo a hannu bai tsaya ba. Kasuwa ta buɗe, kuɗi suka shigo, har ya zama yana yawo da taragon jirgin ƙasa nasa na kansa, da fiyanonsa a ciki.

Nan ne inda muke so a lura. Wani in ya samu a baƙunci sai ya juya wa gida baya. Shi kuwa a 1910 da kuɗin aljihunsa ya gina babban abin tunawa a birnin Krakow, don cikar shekara 500 da wata nasarar yaƙi ta kakanninsa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ya haɗa kai da marubuci Sienkiewicz a 1915 suka kafa kwamitin agaji a Suwizalan. Ya bi Amurka gari gari, ya yi jawabi kan yunwar da mutanensa ke ciki, sannan ya zauna ya yi kiɗa, abin da aka tara ya tafi agaji. Sunansa ya kai shi gaban Shugaba Wilson, kuma a Janairun 1918, cikin sharuɗɗa 14 na zaman lafiya da Wilson ya bayyana, na 13 shi ne a maido wa Folan 'yancinta.

Bayan shekara 123 Folan ta dawo. A Janairun 1919 aka naɗa shi Firayim Minista kuma ministan harkokin waje, ya sa hannu a yarjejeniyar Basai a madadin ƙasarsa. Sai dai mulki daban, kiɗa daban. Rigingimun 'yan siyasa suka yi masa yawa, kafin ƙarshen shekarar ya ajiye muƙamin. Dukiyarsa ta tafi a hidimar jama'a, don haka a 1922, yana da shekara sama da sittin, ya koma sana'arsa ba tare da jin kunya ba.

Da Jamus ta mamaye Folan a 1939, tsohon ya sake tashi neman taimako. A kan haka ya mutu a Niyok ranar 29 ga Yuni, 1941, yana da shekara 80. Aka ajiye gawarsa a maƙabartar Arlington, da niyyar sai Folan ta kuɓuta za a mayar da shi. Sai a 1992, bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci, aka kai shi Warso.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan ya bar gida, amma bai yarda gida ya bar shi ba. Mu da neman halali ya kawo mu nesa da garuruwanmu, sai kowa ya tambayi kansa, cikin ribar bana nawa ya kai ga mabukatan gida da na unguwa? Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ba mu ikon zumunci, amin.