GOTTLIEB HABERLANDT: MALAMIN DA GWAJINSA YA ƘI, AMMA ZATONSA YA TABBATA

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa dasa reshen rogo ya san guntun tsiro ya kan zama cikakken tsiro. To, ina iyakar ƙanƙantar guntun da zai iya haka? Wannan ita ce tambayar da ta dami wani masanin tsirrai mai suna Gottlieb Haberlandt, wanda a ke kira uban renon tsirrai a cikin kwalba.

An haife shi ran 28 ga Nuwamba, 1854, a wani gari na ƙasar Hungari, lokacin tana ƙarƙashin daular Ostiriya. Mahaifinsa, Friedrich, malamin aikin gona ne, shi ne kuma ya yi fama wajen shigar da noman waken soya a tsakiyar Turai. Watau dai yaron ya buɗe ido ne a cikin zancen iri da shuka. Ya yi karatu a Jami'ar Biyana, ya sami digirin dakta a 1876. Daga 1880 ya kama koyarwa a birnin Graz. A 1884 ya fitar da babban littafinsa, inda ya kasa sassan jikin tsiro bisa ga aikin da kowanne ke yi, ba bisa ga kamanninsa kaɗai ba. A 1900 kuma ya kawo bayanin cewa 'yan ƙwayoyin sitaci da ke cikin kan saiwa su ne ke nuna mata inda ƙasa ta ke, shi ya sa ko yaya iri ya faɗi, saiwarsa ƙasa ta ke nufa.

Amma abin da ya fi sa a ke tunawa da shi, shi ne aikin da ya bayyana a 1902. Jikin tsiro, kamar namu, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Haberlandt ya ɓanɓaro irin waɗannan ƙwayoyi daga ganye, ya sa su cikin ruwa mai gishirin taki da sukari, ya zuba ido. Ƙwayoyin suka rayu 'yan makonni, suka kumbura, har waɗansu suka tara sitaci. Sai dai ko ɗaya ba ta rabu biyu ba, alhali kuwa ba girma sai da rabuwa. Gwaji dai ya ƙi. Malamin bai ɓoye ba, ya rubuta yadda abin ya kasance, sa'an nan ya faɗi zatonsa, cewa wata rana za a ta da cikakken tsiro daga ƙwaya guda.

Me ya hana shi nasara? Ƙwayoyin da ya zaɓa sun riga sun manyanta, sa'an nan a zamaninsa ba a gano sinadaran da ke umurtar ƙwaya ta rabu ba. Ya koma Jami'ar Balin a 1910, ya ci gaba da neman su. Da ya yi ta gwaji da yankan dankalin Turawa, ya nuna lalle akwai wani abu a jikin tsiro mai sa rabuwar, amma bai kai ga tace shi ba. Ya rasu a Balin ran 30 ga Janairu, 1945, yana da shekara 90.

Tun yana da rai waɗansu suka bi ta wata ƙofa, watau saiwa. A 1934 wani Ba'amurke, Philip White, ya reni kan saiwar tumatir a cikin kwalba, tana ta tsawo ba ganye ba kara. A 1958 aka ta da 'ya'yan tsiro daga ƙwayoyin karas, a 1965 kuma aka sami cikakkiyar taba daga ƙwaya guda tak. Zaton malam ya tabbata, shekara 20 bayan rasuwarsa.

Cikin rassan da wannan ilmi ya yi, akwai na saiwa mai gashi. Wata ƙwayar cuta ce ta cikin ƙasa, Agrobacterium rhizogenes, in ta shiga inda tsiro ya ji rauni sai wurin ya fid da saiwoyi cunkus kamar gemu. A 1982 aka tabbatar cewa wani yanki na kayan gādonta ta ke cusa wa ƙwayoyin tsiron. In an yanko waɗannan saiwoyi, aka kashe cutar, sai su yi ta yaɗo da sauri a ruwan sukari, ba sai an ƙara musu sinadarin girma ba.

Amfaninsu kuwa shi ne, tsirrai da yawa a saiwa su ke haɗa magungunansu. Zaƙamin nan da a ke gargaɗinmu a kansa, a saiwarsa ya ke haɗa sinadarin da ke gusar da hankali, wanda likitoci ke ba da shi a bisa awo don hana amai da murɗar ciki. Tun shekarun 1980 masana ke samun irinsa daga saiwoyin kwalba, ba ruwansu da fari ko fara. Har yanzu dai gona ta fi kwalba araha, don renon saiwa a manyan tankuna yana da wuya, kuma aikin na jiran masu hannu.

Saboda haka, ɗan'uwa, ran da gwajinka ya ƙi a ɗakin kimiyya, kada ka kwafi sakamakon na kusa da kai. Rubuta abin da idonka ya gani, ka nemi dalilin ƙin. Da Haberlandt ya ɓoye nasa, da waɗanda suka biyo baya ba su san inda za su ɗora ba.