Filin Yara: Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen Da Ya Koyar A Misira

Duk daren da aka ɗauke wuta a nan Kontagora, ku fito tsakar gida ku ɗaga kai sama. Za ku ga wata, wani lokaci ga Zara kusa da shi, in kuma da sanyin hunturu ne ga Kaza da 'Ya'yanta. To, yau labarinmu na wani malami ne daga ƙasarmu wanda ya yi zurfi a ilmin taurari da lissafi, har mutanen Misira suka zauna gabansa suna ɗaukar karatu.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, watau Bafulatani mutumin Katsina. Ya tashi tun kafin jihadin Shehu Usmanu, zamanin da birnin Katsina ke cike da malamai da fatake masu ratsa hamada. Bayan Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu, sai ya lazimci wani malami, Shaihu Muhammadu Bindu, ya koyi hisabi da sanin lokuta da kuma ilmin aufaƙi, wanda mu muke kira hatimi.

Mene ne hatimi? Ku ɗauko allo ko takarda, ku zana gida tara, uku-uku. A layin sama ku rubuta 4, 9, 2. A na tsakiya 3, 5, 7. A na ƙasa 8, 1, 6. Yanzu ku tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Goma sha biyar za ku samu, ko ta ina kuka bi! Wannan shi ne ƙaramin cikinsu. Mai gida 25 kuwa, kowane layinsa 65 yake bayarwa. Malam Muhammadu ya rubuta littafi guda a kan haka wajen shekarar 1732, mai suna Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana ƙa'idojin cika hatimi mai gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ba da kame-kame ba. A ciki ya gargaɗi ɗalibi da kada ya yanke ƙauna in lissafi ya ƙi fita, ya dage har ya gane.

Ya bar gida ya tafi aikin hajji, a zamanin da tafiyar kan ci shekaru. Da ya sauke farali sai ya zauna a Alƙahira, garin masallacin Azhar. A can ya kammala wani littafin, Addurrul Manzum, a kan taurari da asiransu. Mai masaukinsa shi ne Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilmin falaki. Duk da haka bai ji girman kai ba, ya zauna ya yi karatu wajen baƙonsa.

Yanzu bari mu dubi yadda malaman wancan zamani suka ɗauki sama. A lissafin da suka gada daga mutanen dā, ƙasa ce a tsakiya, tana tsaye cik, abubuwa bakwai na kewaya ta: Wata, Uɗarid, Zara, Rana, Mirrihu, Mushtari da Zuhal. Har kowannensu an ba shi hatiminsa, wancan mai gida tara da kuka zana na Zuhal ne. Ba wauta ce ta sa suka ga haka ba, ai mu ma da ido haka muke gani, rana ta fito gabas ta faɗi yamma.

Amma a ƙasar Folan ta Turai an yi wani masani, Nikolas Kofanikas, wanda ya fitar da littafinsa a 1543, shekarar da ya mutu. Shi ya ce rana ce a tsakiya. Duniyarmu tana juyawa a kanta sau ɗaya cikin awa 24, shi ke kawo dare da yini, sa'an nan tana kewaya rana cikin kwana 365 da rubu'i, shi ne shekara. Kun taɓa shiga mota zuwa Minna kuka ga kamar itatuwa ne ke gudu baya? To, haka muke da rana. Daga baya Kefla da Galileyo suka ƙarfafa maganar, yau kuwa kumbuna sun tabbatar da ita. Abin lura shi ne, lissafin tafiyar wata da Kofanikas ya yi amfani da shi daidai yake da na Ibn Shaɗir, mai tsayar da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375. Kun ga ilmi ba gadon wata ƙabila ba ne, wannan ya ɗora wancan ya ƙara.

Saboda haka a yau ba ma bin tsohon tsarin, kuma sanin gaibu sai Allah, ba a karanta shi a taurari. Amma lissafin hatimin Malam Muhammadu bai tsufa ba, masana lissafi na ambatonsa har yanzu.

Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira a 1741, a gidan mai masaukinsa, ya kuma bar masa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa bayan shekara goma sha biyu, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Misira, ya sa labarin wannan Bakatsine cikin littafinsa. Ta nan ne mafi yawan abin da muka sani game da shi ya iso gare mu.

Yara, da yawanmu iyayenmu da kakanninmu baƙunta ce ta kawo su garin nan, wasu daga Katsinar ma. Malam Muhammadu bai je Misira da dukiya ko sarauta ba, karatunsa ne ya sama masa wurin zama. Ku riƙe allo, ku riƙe boko, kada ku guji darasin lissafi. Aikin gida: wa zai cika mana hatimi mai gida 25, daga 1 zuwa 25, kowane layi ya ba da 65? Allah ya jiƙan malam, ya yi muku albarka, amin.